Wasiƙar da Kwamfuta Ke Bar wa Direba

Idan ka rufe murfin laftof ta yi barci, ko fankarta ta tashi saboda zafi, akwai wata yarjejeniya da ke aiki a ɓoye. Babbar manhaja, Linux ce ko Windows, baƙuwa ce a cikin kowace na'ura, baƙo kuwa ko da ido makaho ne. Ba ta san ina batir yake ba, balle yadda ake kashe wuta. Wadda ta sani ita ce manhajar da maƙera suka dasa a jikin allon kwamfuta, wato BIOS ko UEFI. Ita ce ke fara tashi, ta rubuta bayanin gidan a cikin wasu tebura, ta ajiye a ƙwaƙwalwar na'ura.

Tsarin waɗannan tebura shi ake kira ACPI. Kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba ne suka fitar da shi a 1996, kuma tun 2013 yana hannun UEFI Forum. Da zarar zuciyar manhaja, wato kanel, ta farka, sai ta nemi wata alama mai suna RSDP. Ita ke nuna babban jadawali, XSDT, mai ɗauke da adireshin sauran teburan. Kowane tebur yana da suna mai haruffa 4: APIC na lissafa masarrafai, HPET na bayanin agogo, DSDT kuwa na ƙunshe da umarni cikin yaren AML kan batir da murfi da zafi.

Direba, ƙaramar manhajar da ke sarrafa na'ura guda, ba ya kutsawa ƙwaƙwalwa da ka. A Linux yakan kira acpi_get_table ya ambaci sunan teburin, ya kuma mayar da shi idan ya gama. Kan kowane tebur baiti 36 ne, ciki har da tsawonsa da lambar tantancewa: in an tara dukkan baitocin, dole lissafin ya koma sifili. Direban kirki sai ya duba tsawon kafin ya karanta, domin kuskure a cikin kanel na iya durƙusar da kwamfuta baki ɗaya.

Sai dai lissafi na iya fita daidai alhali bayanin ba gaskiya ba ne. Maƙera da yawa da Windows kaɗai suke gwada teburansu. Shi ya sa idan tebur ya tambayi Linux ko ita wace ce, takan amsa da sunan Windows, don kada a bi da ita ta hanyar da ba a taɓa gwadawa ba. Duk da haka, wata laftof takan yi barci ta ƙi farkawa, a ɗora wa direba laifi.

Wanda ya sayi kwamfuta ya sayi 'yancin saka mata manhajar da yake so. Wannan 'yanci ba ya tabbata sai maƙeri ya rubuta wasiƙarsa, wato waɗannan tebura, da gaskiya, ga duk baƙon da zai shigo gidan.