AKWATIN WASA YA MUTU, AMMA WASAN YANA NAN

Wata ranar Asabar da yamma na dawo gida, tun daga bakin ƙofa na ji wani ɗan kiɗa da na sani, kiɗan da ban ji ba shekara talatin. Na shiga ɗaki na tarar da babban ɗana da ƙannensa biyu sun kewaye tsohuwar kwamfutar da nake shirya jarrabawa da ita. Ga wani ɗan gajeren mutum mai gashin baki da jar hula yana tsalle a kan kunkuru. Mario ne.

Na ce, "Kai, ina ka sami akwatin wasan nan?"

Ya ce, "Baba, ai babu akwati. Wani ne ya tura mini a shagon caji. Wasanni sun fi ɗari huɗu a ciki, naira ɗari biyar kawai na ba shi."

Na zauna na yi wasa, ba zan ɓoye muku ba, har aka kira ni cin tuwo sau biyu. Amma da dare maganar ta tsaya mini a rai: ta yaya wasa zai yi aiki ba tare da akwatinsa ba, kuma wasanni ɗari huɗun nan na wane ne? Tun da na san gidaje da yawa suna da irin wannan a kwamfuta ko a waya, na ga ya kamata in bayyana wa iyaye abin da ke ciki.

Kamfanin Nintendo na ƙasar Jafan ya fitar da akwatin wasa mai suna Famicom a 1983, ya kai shi Amurka a 1985 da sunan NES. A wannan shekara ta 1985 ne wasan Super Mario Bros. ya fito. Kamfanin Sega ya kawo Mega Drive a 1988, Sony kuma ya kawo PlayStation a ƙarshen 1994. Akwatunan farko suna amfani da kaset na roba wanda ake cusawa a ciki, PlayStation kuwa faifai yake karantawa. Waɗanda suka yi ƙuruciya a garuruwanmu cikin shekarun 1990 za su tuna da gidajen gem, inda yaro yakan ba da kuɗin tara ya buga ƙwallo na minti kaɗan, ya koma gida ya sha bulala.

To, kayan nan duka suna tsufa. Ƙarfen bakin kaset yakan yi tsatsa. Mu da muke hura masa iska da baki in ya ƙi tashi, ashe damshin numfashinmu ƙara ɓata shi yake yi. Cirewa da mayarwa ne ke gyara zamansa. Faifai yakan karce. Waɗansu kaset suna da ɗan batir a ciki mai riƙe inda mai wasa ya tsaya, in batirin ya mutu sai aikin wata uku ya tafi. Akwatin kansa kuma yakan lalace. Nawa dai wutar lantarki ce ta dawo da ƙarfi wata rana ta ƙone shi, har da hayaƙi.

MAI KWAIKWAYO

Wasan da ke cikin kaset jerin umarni ne da aka rubuta da lambobi a cikin wata 'yar ƙwaƙwalwa da ake kira rom, wato ƙwaƙwalwar da ake karantawa amma ba a sāke rubutunta. Ana iya kwafe lambobin nan kaf a ajiye su a kwamfuta, kamar yadda ɗalibi yakan kwafe darasi daga allo zuwa littafi. Matsalar ita ce kwamfuta ba ta jin harshen da aka rubuta umarnin da shi, gama an rubuta shi ne domin ƙwaƙwalwar akwatin wasa.

Nan ne mai kwaikwayo yake shigowa. Wata manhaja ce da take aikin tafinta. Takan ɗauki kowane umarni na wasan ta juya shi zuwa abin da kwamfuta take ganewa, ta kwaikwayi sashen da ke zana hoto, da mai fitar da sauti, da madannan hannu, har wasan ya yi tafiyarsa sai ka ce a cikin akwatinsa na asali yake. Abin da ya sa wannan ya yiwu shi ne akwatunan dā ƙanana ne ƙwarai. Ƙwaƙwalwar NES tana bugawa wajen sau miliyan 1.8 a daƙiƙa, ta kwamfutar yau kuwa ta wuce sau miliyan dubu 2. Wasan Super Mario Bros. ɗungum kilobait 40 ne. Hoto guda da wayarka ta ɗauka a bikin aure yakan ninka shi sau hamsin a nauyi.

Shekarar 1997 ce aka ga irin waɗannan manhajoji sun yaɗu. A cikinta wani Ba'italiye mai suna Nicola Salmoria ya fara MAME, domin adana wasannin manyan injuna da ake jefa wa kwabo. Daga baya aka yi ePSXe domin PlayStation, da Dolphin domin GameCube da Wii. Yawancinsu masu sha'awa ne suka rubuta su a lokacin hutunsu, suka bayar kyauta.

ABIN DA SHARI'A TA CE

Kamfanoni ba su yi murna ba. A 1999 wani kamfanin Amurka mai suna Connectix ya fara sayar da mai kwaikwayon PlayStation, Sony ya kai shi ƙara. A shekara ta 2000 kotun ɗaukaka ƙara ta ba Connectix gaskiya, ta ce nazarin yadda akwati yake aiki domin a gina wani abu da zai yi irin aikinsa ba laifi ba ne. Sai Sony ya sayi manhajar a 2001 ya rufe ta. Wani ƙaramin kamfani mai suna Bleem shi ma bai fāɗi a kotu ba, amma kuɗin lauyoyi ya karya shi, ya rufe a 2001. Abin dariya, da Sony ya fitar da ƙaramin akwatin tunawa da dā mai suna PlayStation Classic a 2018, mai wasanni 20, mai kwaikwayon da masu sha'awa suka rubuta ne ya sa a ciki.

Saboda haka mai kwaikwayo shi kansa ba kayan sata ba ne. Maganar wasannin ce dabam, domin wasa aikin hannun wani ne, kamar littafi ko waƙa, kuma haƙƙin mallakarsa yakan daɗe shekaru masu yawa bayan an daina sayar da shi. A 2018 Nintendo ya kai ƙarar waɗansu mata da miji a Amurka masu rarraba kwafin wasanni a intanet, aka ƙare a kan za su biya fiye da dala miliyan 12. A 2024 masu manhajar Yuzu suka yarda su biya dala miliyan 2.4 su kuma rufe. Tasu ta yi muni ne domin akwatin da suke kwaikwayo, wato Switch, yana kasuwa, ana kuma tuhumarsu da buɗe makullin da aka sa wa wasanninsa. Mu ma a Nijeriya muna da dokar haƙƙin mallaka, wadda aka sabunta aka sa mata hannu a 2023.

Ga kuma abin da ake kira kwafin ajiya. Mutum ya sayi wasa da kuɗinsa, yana tsoron kada faifan ya karce, sai ya kwafe shi ya adana na asalin. Faifan PlayStation na farko kwamfuta mai wurin faifai takan karanta shi kai tsaye. Kaset kuwa yana bukatar wata 'yar na'ura da ake haɗawa da kwamfuta, irin wadda ake kira Retrode. A ganina wannan mutum bai cuci kowa ba, ko da yake Nintendo ya daɗe yana ƙin yarda da hakan. Amma mu lura, kalmar nan "kwafin ajiya" ta zama mayafi. Wanda bai taɓa sayen wasa ba, me yake ajiyewa? Wasanni ɗari huɗun da aka tura wa ɗana ba ajiyar kowa ba ne.

Duk da haka masu kwafe-kwafen suna da hujja guda wadda ba zan raina ba. A 2023 wata ƙungiyar adana tarihin wasanni a Amurka, Video Game History Foundation, ta yi bincike ta gano cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da suka fito a ƙasar kafin 2010 ba a sayar da su kuma. A watan Maris na wannan shekara ta 2023 Nintendo ya rufe kantinsa na intanet na akwatunan Wii U da 3DS. Kamfanoni da yawa na dā sun mutu. In da ba domin masu kwafewa ba, da waɗansu wasanni sun ɓace sarai, kamar tsofaffin littattafan makaranta da gara ta cinye a sito. Mu malamai mun san zafin wannan. Sai dai Mario ba ya cikin marayun nan. Mai shi yana da rai, yana kuma sayar da shi.

Akwai abubuwa biyu kuma da iyaye za su kula da su. Wuraren da ake ɗauko wasannin kyauta sukan haɗa su da ƙwayoyin cutar kwamfuta, kuma kwamfutar da ke riƙe sakamakon jarrabawar yara ba wurin gwaji ba ce. Na biyu, tsufan wasa ba ya nufin ya dace da yaro. Mortal Kombat na 1992 yana cike da jini, har gardamar da aka yi a kansa a majalisar dattawan Amurka ta sa aka kafa hukumar rarraba wasanni bisa ga shekaru a 1994. Na same shi a cikin ɗari huɗun nan, ƙaramar 'yata mai shekara bakwai tana kallo.

Washegari bayan sujada na zaunar da yaron na yi masa bayanin nan duka. Na ce ba na so ya saba da cin guminsa wani don dai mai gumin yana can nesa a Jafan bai gan shi ba. Ya saurara da kyau, sa'an nan ya ce, "Baba, akwatin naka da ya ƙone, na Nintendo ne?"

Na yi shiru. Gaskiya ita ce ba na Nintendo ba ne. Irin na jabun nan ne da suka cika kasuwanninmu a lokacin, da kaset rawaya wanda aka rubuta wasanni 9999 a jikinsa, alhali kuwa wasa goma ne ake ta maimaitawa da sāke launi. Mahaifina ya saya da kuɗinsa na halal bai san komai ba, amma ko sisi bai kai hannun waɗanda suka ƙirƙiri Mario ba. Na gaya wa yaron haka. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

Muka zauna tare muka share ɗari huɗun. Mai kwaikwayon muka bar shi, gama akwai sababbin wasanni da masu sha'awa suke rubutawa domin tsofaffin akwatuna suna bayarwa kyauta da yardarsu, mun ɗauko guda biyar. Ƙanena kuma yana da faifan PlayStation na asali guda uku da wani abokinsa ya kawo masa daga Ingila tun yana makarantar sakandare. Ya yi alkawari zai zo da su lokacin hutun Kirsimeti, in uwargidansa ba ta riga ta ba yara sun yi tayar mota da su ba.