Matsayin Waƙa Wajen Zaɓen Gwanin Fim a Tsakanin Hausawa

Gabatarwa

Idan shekara ta zo ƙarshe, masu sha'awar fina-finan Hausa sukan zauna a majalisa, ko a shagon ɗinki, ko a ɗakin amarya, su yi ta musu a kan fim ɗin da ya fi burge su a wannan shekara. Duk wanda ya saurari irin wannan musu da kunnen basira zai lura cewa sau da yawa da waƙa ake kafa hujja. Mai kallo kan manta sunan darakta, ya manta yadda rikicin labarin ya warware, amma amshin waƙar yana nan a bakinsa. Wannan maƙala za ta bayyana yadda waƙa ta zama ma'aunin farin jinin fim a wajen Hausawa, da yadda ake haɗa ta, da takaddamar da ta haifar, da kuma sauyin da ya same ta daga zamanin kaset zuwa zamanin wayar hannu.

Asalin Fim Ɗin Bidiyo na Hausa

Kafin zuwan bidiyo, Hausawa sun san wasan kwaikwayo ta hanyar rediyo da talabijin. A shekarun 1970 da na 1980 gidajen talabijin na Kaduna da Kano da Jos sun fito da 'yan wasa irin su Ƙasimu Yero, da Usman Baba Pategi wanda aka fi sani da Samanja, da kuma Karkuzu. Haka nan a 1976 Adamu Halilu ya mayar da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa zuwa fim na silima. Waɗannan wasanni sun dogara ne ga zance da barkwanci da gargaɗi, waƙa ba ta da wani babban gurbi a cikinsu.

A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa da ke Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da aka yi don kasuwa. Daga nan marubutan littattafan soyayya suka shigo, suka fara mayar da labaransu zuwa kaset. Misali shi ne In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda aka yi fim ɗinsa a 1994. Zuwa 1999 sana'ar ta yi ƙarfin da har ta samu mujallunta, wato Tauraruwa a Kano da Fim a Kaduna. A shafukan Tauraruwa ne kalmar Kannywood ta fara bayyana a wannan shekara.

Tushen Waƙar Fim

Waƙar fim ta sha ruwa daga ƙoramu biyu. Ta farko ita ce al'adar gida. Tatsuniyar Hausa takan zo da 'yar waƙa a tsakiyarta, wadda mai ba da labari ke rerawa yara suna amsawa. 'Yan mata kuma suna da waƙoƙin gaɗa da na dandali, inda ake samun jagora da 'yan amshi da tafi. Daga irin waɗannan waƙoƙi na 'yan mata aka aro sunan nanaye, wanda ya zama sunan waƙoƙin fim baki ɗaya.

Ƙorama ta biyu ita ce fina-finan Indiya. Tun daga shekarun 1950 da na 1960 ake nuna su a gidajen silima na arewacin Nijeriya, waɗanda akasarinsu mallakar Kwarori ne, wato 'yan kasuwa 'yan asalin ƙasar Labanan. Gidaje irin su Plaza da Orion da Marhaba a Kano sun yi shekaru suna cika da 'yan kallo. Matasa sun ga abubuwan da suka yi kama da rayuwarsu: auren dole, da biyayya ga iyaye, da kunya tsakanin saurayi da budurwa, da rikicin mai kuɗi da talaka. Sun kuma ga wata dabara. A fim ɗin Indiya, abin da masoya ba za su iya faɗa wa juna a gaban mutane ba, sai su faɗe shi a waƙa. Wannan dabara ta dace da al'ummar da ke ɗaukar kunya da kawaici a matsayin ado. Saboda haka da matasan da suka tashi da wannan kallo suka riƙi kyamara, sai suka ba waƙa irin wannan aiki.

Sangaya da Sauyin Kasuwa

Fim ɗin da ya tabbatar wa 'yan kasuwa ƙarfin waƙa shi ne Sangaya na kamfanin Sarauniya, wanda Aminu Muhammad Sabo ya ba da umarni, ya kuma fito a 1999. Labari ne na soyayya tsakanin ɗan sarki da wata yarinya mai hidima a gidan sarauta, Ali Nuhu da Fati Muhammad suka ja ragamarsa. Labarin ba baƙo ba ne ga wanda ya san tatsuniya. Abin da ya ɗaga fim ɗin shi ne waƙarsa, wadda aka yi wa kiɗa da fiyano amma aka kwaikwayi amon kayan kiɗan gargajiya, har ta shiga gidajen biki da motocin haya da bakin yara a unguwa. A 2000 kuma Wasila ya biyo baya da irin wannan karɓuwa.

Domin a fahimci dalilin da ya sa waƙa ta yi wannan tasiri, wajibi ne a dubi yadda ake sayar da fim a wancan lokaci. Furodusa yakan kai fim ɗinsa ga dillalan kaset na kasuwar Ƙofar Wambai da na Bata a Kano, su kuma su rarraba shi zuwa sauran garuruwa. Mai saye ba shi da hanyar sanin daɗin labari sai ya biya kuɗinsa ya kai gida. Abin da yake iya ji kafin ya saya shi ne waƙa, domin akan fitar da kaset ɗin waƙoƙin tun fim bai fito ba, ana kuma saka tallan sabon fim a farkon wani fim ɗin, kuma waƙa da rawa ne suka fi yawa a tallan. Ta haka waƙa ta zama ita ce ɗanɗanon da ake ba mai saye. Wannan ya sa wasu furodusoshi suka koma sayen waƙa tukuna, sannan a nemi labarin da za a ɗora mata.

Yadda Ake Haɗa Waƙar

Waƙar fim aikin hannu da yawa ce. Akwai marubucin waƙa wanda ke tsara baitoci. Akwai makaɗi a ɗakin ɗaukar sauti, wanda ke haɗa kiɗan da na'urar da 'yan sana'ar ke kira fiyano, yawanci ƙirar Yamaha. Ɗakin ɗaukar sauti na Iyan-Tama a Kano yana cikin waɗanda suka yi fice a ƙarshen shekarun 1990. Sai mawaƙa, galibi namiji da mace, waɗanda ke rera baitocin suna karɓeɓeniya. A ƙarshe jarumi da jaruma su hau waƙar, wato su riƙa motsa baki suna rawa a gaban kyamara kamar su ne ke rerawa. Don haka muryoyin mawaƙa irin su Sadi Sidi Sharifai da Fati Nijar sun shiga kunnen jama'a tun kafin mutane da yawa su san fuskokinsu.

Ta fuskar tsari, nanaye ta tsaya ne tsakanin waƙar baka da rubutacciyar waƙa. Ta ɗauki amshi da kiɗa daga waƙar baka irin ta su Mamman Shata da Ɗanƙwairo, ta kuma ɗauki tsararrun baitoci da amsa-amo daga rubutacciyar waƙa. Inda ta bambanta da su duka shi ne jigo. Makaɗan fada suna yabon sarki, makaɗan jama'a suna yabon masu hannu da shuni, malamai suna wa'azi, ita kuwa nanaye ta mayar da hankali ga zuciyar saurayi da budurwa.

Suka da Tacewa

Abin da ya ba fim farin jini shi ne kuma ya jawo masa baƙin jini. Malamai da iyaye da wasu manazarta sun yi ta sukar rawa tsakanin maza da mata da irin suturar da ake sawa, suna cewa kwaikwayon Indiya ne da ke gurɓata tarbiyya. 'Yan fim kuwa suna kare kansu da cewa fim ɗin da ba waƙa kwantai yake yi a kasuwa, kuma mai kallo ne ke zaɓa da kuɗinsa. Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar Kano a 2000, gwamnati ta dakatar da harkar fim a ƙarshen shekarar, sannan a 2001 ta kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano. A 2007 an sake dakatar da shirya fim na tsawon wata shida, aka kuma tsaurara ƙa'idoji, abin da ya sa wasu masu sana'ar suka koma aiki a Kaduna da Jos. A duk waɗannan matakai, waƙa da rawa suna cikin manyan abubuwan da ake jayayya a kansu.

Ya kamata a sani cewa ba kowane fim ne ya dogara ga waƙar soyayya ba. Fina-finan barkwanci da ake kira camama, waɗanda marigayi Rabilu Musa Ibro ya shahara da su har zuwa rasuwarsa a 2014, sun samu masoya musamman a karkara. Amma su ma sukan ɗauki karin waƙar da ke tashe su juya ta zuwa abin dariya.

Daga Kaset Zuwa Waya

Kaset ya ba faifan sidi wuri, faifan kuma ya faɗi a hannun masu satar fasaha da masu tura fina-finai a waya a kan kuɗi kaɗan. Fina-finan Indiya da aka fassara zuwa Hausa, irin na kamfanin Algaita, su ma suka ci wani kaso na kasuwar. A cikin wannan yanayi waƙa ta fara tsayawa da ƙafarta. Mawaƙa irin su Nazifi Asnanic da Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef suka riƙa fitar da kundin waƙoƙinsu da sunansu, ana gayyatarsu bukukuwa. Umar M. Shareef ma ya zama jarumi a fim ɗin Mansoor na 2017 wanda Ali Nuhu ya ba da umarni. A 2020, lokacin kullen annobar korona, waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta karaɗe wayoyin jama'a ba tare da wani fim ya ɗauko ta ba.

A ɗaya ɓangaren, buɗe tashar Arewa24 a 2014 da yawaitar masu kallo a YouTube sun haifar da shirye-shirye masu dogon zango, irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad. A irin waɗannan shirye-shirye abin da ke riƙe mai kallo shi ne son sanin abin da zai faru mako mai zuwa, don haka labari ya ƙara daraja, rawa ta ragu. Duk da haka waƙa ba ta fita ba, ta koma taken shiri da muryar da ke bayyana halin da zuciyar ɗan wasa ke ciki. A Labarina, alal misali, mawaƙi Naziru Sarkin Waƙa ya fito a matsayin ɗan wasa, waƙoƙinsa kuma suka zama wani ɓangare na labarin.

Kammalawa

Fina-finan Hausa sun daɗe da ƙetare iyaka. Tun zamanin kaset ake kai su Maraɗi da Damagaram da Yamai, da zangunan Ankara da Kumasi, da Garwa da Yawunde, da unguwannin Hausawa na Sudan da Saudiyya. A gidajen da yara ke tasowa da wani harshe a makaranta da titi, waƙar fim takan zama hanyar da sababbin kalmomi da karin magana da salon Hausar Kano ke isa gare su. Saboda haka ɗalibin da ke nazarin waɗannan fina-finai bai kamata ya tsallake waƙa da zaton cewa hutu ce a tsakiyar labari ba. A cikinta ake gane abin da al'umma ke jin nauyin furtawa, da abin da ta yarda a rera, da kuma dalilin da ya sa wani fim ya zama gwanin shekararsa, wani kuma aka manta da shi tun kafin shekarar ta fita.