Mirai

Mirai wata muguwar manhaja ce da ke kama na'urorin gida masu haɗi da intanet, musamman kyamarorin tsaro. An gano ta a watan Agustan 2016.

Tana gwada kalmomin sirri kusan 60 da na'urori ke zuwa da su daga masana'anta, waɗanda mutane da yawa ba sa canzawa. Idan ta shiga, sai ta haɗa dubban na'urori su yi wa shafi ɗaya rubdugu har ya tsaya. Haka aka yi wa kamfanin Dyn na Amurka ranar 21 ga Oktoba 2016, Twitter da Netflix suka katse.

Kashe na'urar a sake kunnawa yana goge Mirai, amma takan dawo cikin mintuna idan ba a canza kalmar sirri ba.