Adawar Mazauna Unguwa da Sauya Tsarin Filaye: Misalin Birnin Minneapolis

1.0 Gabatarwa

Duk birnin da jama'arsa ke ƙaruwa yana da zaɓi biyu. Ko dai ya ci gaba da faɗaɗa yana cinye gonaki, ko kuma a ƙara yawan gidaje a cikin unguwannin da ake da su. Zaɓi na biyu shi ya fi haddasa jayayya, domin yana taɓa mutanen da suka riga suka kafu. A wannan darasi za mu dubi yadda irin wannan jayayya ta gudana a Minneapolis, babban birni a jihar Minnesota ta ƙasar Amurka.

2.0 Ma'anar Tsarin Shiyya-shiyya

Tsarin shiyya-shiyya doka ce da hukumar birni ke kafawa domin fayyace irin ginin da aka yarda a yi a kowane yanki: nan masana'antu, can kasuwanni, can kuma gidajen zama. Birnin New York ya kafa cikakkiyar doka irin wannan a 1916, sannan Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da halascin tsarin a 1926. Daga nan birane da dama suka keɓe mafi yawan filayen zama ga gidan iyali ɗaya a kowane fuloti. A Minneapolis, kimanin kashi 70 cikin 100 na filayen zama suna ƙarƙashin wannan ƙa'ida kafin a sauya ta.

3.0 Dalilan Masu Adawa

Da hukuma ta fito da shirin da ta sa wa suna Minneapolis 2040, wanda zai ba da damar gina muhallin iyalai da yawa a fuloti guda, sai wasu mazauna unguwanni suka ƙi amincewa. Ana iya taƙaita dalilansu kamar haka:

(a) Cunkoson motoci da ƙarancin wurin ajiye su.
(b) Fargabar 'yan kasuwa za su saye ƙananan gidaje su rushe, su gina benaye masu tare hasken rana.
(c) Sare itatuwa da yawaitar ruwan sama da ke kwarara cikin tafkuna saboda ƙaruwar gine-gine.
(d) Sauyawar kamannin unguwar da mutum ya zuba dukiyarsa a cikinta.

Bai dace a yi watsi da waɗannan dalilai ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai magoya bayan shirin sun kawo tasu hujjar. Sun nuna cewa ƙarancin gidaje shi ke tsauwala kuɗin haya. Sun kuma tunatar da cewa a da can akwai takardun mallakar gidaje a birnin da suka haramta sayar da gida ga baƙar fata, kuma tsarin gidan iyali ɗaya ya taimaka wajen dawwamar da wannan wariya bayan an soke ta a doka.

4.0 Yadda Ta Kaya

Saboda matsin lamba, hukuma ta rage adadin daga muhallin iyali 4 zuwa 3 a fuloti guda. A watan Disamba na 2018 majalisar birnin ta amince da shirin da ƙuri'a 12, ɗaya ta ƙi, kuma ya fara aiki a 2020. Wasu ƙungiyoyi suka kai ƙara bisa dokar kare muhalli ta jihar. Kotu ta dakatar da shirin a 2022, ta sake dakatar da shi a 2023. A 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta ɗage dakatarwar, majalisar dokokin jihar kuma ta yi dokar da ta kare shirin daga irin wannan ƙara.

Abin lura shi ne, rushe-rushen da ake fargaba bai auku ba, domin gidajen iyali 3 da aka gina kaɗan ne. Yawancin sababbin gidaje manyan benaye ne a bakin manyan tituna. Wani bincike na cibiyar Pew ya nuna cewa tsakanin 2017 da 2022 gidajen birnin sun ƙaru da kashi 12 cikin 100, kuɗin haya ya tashi da kashi 1 kacal, alhali a sauran sassan jihar ya tashi da kashi 14.

5.0 Kammalawa

Tushen wannan jayayya shi ne wane ne ake saurara. Mai gida yana da lokaci da ƙuri'a, yana halartar taron hukuma ya faɗi damuwarsa. Wanda tsadar haya ta hana shi zama a unguwar kuwa, ba a ganinsa a taron. Hukuma mai adalci ita ce wadda ta auna bukatun ɓangarorin biyu kafin ta yanke hukunci.

6.0 Auna Fahimta

1. Me ake nufi da tsarin shiyya-shiyya?
2. Kawo dalilai 3 na masu adawa da shirin Minneapolis 2040.
3. Wane ɓangare ne marubucin ya ce ba a jin muryarsa, kuma don me?