Jirgin ƙasa mai shan gazuwal: Wane iri ne zai amfani ɗan kasuwar Damargu?

Duk wanda ya san Damargu ya san cewa ko taku ɗaya na layin dogo babu a ƙasarmu. Daga Tanut zuwa Belbeji, daga Bakin Birji zuwa Gangara, abin da muka sani shi ne kamyo da amalanke da raƙumi. Amma duk da haka, babu abin da ya taɓa juya akalar kasuwancin wannan yanki kamar jirgin ƙasa. Kafin dogo ya iso Kano a 1911, ayarin da ke zuwa Agadas da Tarabulus ta nan yake bi, ya yada zango a Jajiduna, ya sayi geronmu ya wuce. Da hajar Turai ta fara sauka a Ikko tana hawa jirgi, cikin 'yan shekaru fataucin hamada ya durƙushe, kakanninmu suka juya fuska kudu. Don haka yanzu da ake ta batun dogon Kano zuwa Maraɗi, ya kamata mu waiwayi tarihin jiragen da suka yi wa 'yan kasuwa hidima a maƙwabta, mu san abin da za mu nema tun kafin a gama shimfiɗa ƙarfe.

A 1930 ne aka buɗe reshen da ya tashi daga Kano ya ratsa Ringim da Gagarawa da Malam Madori ya tsaya a Nguru, tafiyar kilomita kusan 230. Wannan reshe da tashar Kano su ne bakin dogo mafi kusa da mu. Shanun da aka koro daga ƙasar Damagaram a nan ake loda su a taragu zuwa Ibadan da Ikko, haka gyaɗa da fatu da kirgi, ga kuma busasshen naman da Nguru ta yi suna da shi. A wancan zamani kan jirgin kwal yake ci, ruwa yake sha ba na wasa ba. Kwal ɗin sai an jawo shi tun daga Inugu, ruwan kuwa, wanda ya san rani a ƙasar Haɗeja da Barno ya san ba abin wasa ba ne a cika cikin jirgi a kowace babbar tasha.

Wannan ce ta sa zuwan kan jirgi mai amfani da man dizal, wanda mu a nan muke ce wa gazuwal, ya zama babban sauyi. A 1955, shekarar da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, aka shigo da rukunin farko na irin waɗannan kawuna daga kamfanin English Electric na Ingila. Ba ya jiran a hura masa wuta tun da asuba, ba ya tsayawa shan ruwa a hanya, sai dai a murɗa shi ya tashi. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya toshe hanyar kwal ɗin Inugu, wanda hakan ya ƙara gaggauta ritayar tsofaffin kawunan masu hayaƙi.

To, sai dai sabon inji bai hana harkar lalacewa ba. A 1964 jiragen Najeriya sun ɗauki fasinja sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Shekara goma bayan nan, a 1974, fasinjan sun koma miliyan 4 da 'yan kai, kayan kuma tan miliyan 1 da ɗoriya. An kira Indiyawa na kamfanin RITES suka riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982, abubuwa suka ɗan farfaɗo, suna tafiya aka koma gidan jiya. A 1995 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin CCECC na ƙasar Sin, aka kawo sababbin kawuna 50, amma zuwa 2003 fasinjan shekara guda ba su kai miliyan 2 ba.

Me ya cinye su? Duk mai kamyo a tashar Tanut zai ba ku amsa ba tare da ya taɓa ganin jirgi ba. Kowace gwamnati ta zo sai ta sayo nata kan jirgin daga inda ta ga dama: wannan daga Ingila, wancan daga Amurka, wani daga Kanada, wani Japan, wani Sin. Ƙarfen wannan ba ya shiga na wancan. Injin gazuwal kuwa ba kamar na kwal ba ne da maƙerin hukuma zai iya ƙera masa abin da ya karye. Famfon mai ko na'urar lantarki in ta mutu sai an aiko da ita daga ƙasar da aka ƙera shi, da kuɗin waje. In babu, sai a kwance na wani a ɗaura wa wani, har a wayi gari goma sun zama uku. Sayen sabo akwai biki da yanka kirtani da hoto a jarida, sayen kayan gyara kuwa ba mai tafa wa minista.

Ɗan kasuwa kuma abin da ya fi tsana shi ne rashin tabbas. Mai tumatir ko mai shanu zai iya haƙuri da jirgi mai tafiyar hawainiya, amma ba zai iya haƙuri da jirgin da ba a san ranar tashinsa ba. Nan ne tirela ta ƙwace ciniki, duk da tsadarta da yawan shingayen hanya. Bayan an gyara layin Ikko zuwa Kano aka dawo da jirgin fasinja a Disambar 2012, jirgin Kano zuwa Nguru ya shiga jadawalin hukuma sau biyu a mako, a Satumbar 2016 kuma aka yi bikin loda shanu 500 daga Gusau zuwa Ikko. Masu shanu sun yi murna, amma abin bai zama al'adar kowane mako ba.

Akwai wani nau'in jirgin da ya fi shafar mata masu ƙananan sana'o'i, wato ɗan gajeren jirgin da ke jigila tsakanin birni da garuruwan gefensa, safe da yamma. A 2014 hukumar ta sayo irinsa guda biyu daga Sin don layin Iddo zuwa Ijoko a Ikko. Injinsa a jikinsa yake, yana da mazaunin direba gaba da baya, in ya kai ƙarshen layi ba sai an juya shi ba. Ga na'urar sanyi, ga kujeru masu taushi, sai dai kuɗin shigarsa ya fi na tsohon jirgi nesa ba kusa ba. Sakamakon haka talakawa suka ci gaba da cunkusuwa a tsohon, wasu har kan rufinsa, suna sayar da rai.

A Dakar ma haka labarin yake. Daga 1987 ƙaramin jirgin nan da suke kira Petit train bleu ya riƙa kwaso ma'aikata da mata 'yan kasuwa daga Rufisk da Caroy zuwa tsakiyar birni a kan 'yan daloli. A Disambar 2021 aka buɗe sabon jirgi na zamani mai suna TER, mai gudu da tsabta, wanda ya fara da karɓar jika guda daga Dakar zuwa Rufisk. Babu mai musun kyansa. Amma matar da ribarta ta yini ba ta wuce jika biyu ba, lissafinta daban yake da na ma'aikacin banki.

A gida Nijar kuwa mun ga namu. An buɗe tashar jirgi a Yamai a 2014, aka shimfiɗa dogo kilomita 140 da 'yan kai zuwa Doso, aka yi bikinsa a Janairun 2016, amma ko buhun albasa ɗaya na ɗan kasuwa bai taɓa hawa kansa da sunan haya ba. Abin takaicin ma shi ne, gazuwal ɗin da irin waɗannan jirage ke sha a ƙasarmu ake tace shi, a matatar SORAZ da ke kusa da Bakin Birji, wadda ta fara aiki a 2011.

Dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 aka ba kamfanin Mota-Engil, zai bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ga mutumin Damargu, tashar da ta fi kusa ba Maraɗi ba ce, Daura ce, ta hanyar Damagaram da Matamai da Kwangwalam. Bugu da ƙari, faɗin wannan sabon layi ya fi na tsohon, saboda haka taragun Nguru ba za su hau shi ba, komai sabo za a sayo.

Shi ya sa muke ganin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu dabbobi na jihar Damagaram, tare da takwarorinsu na Daura da Kano, bai kamata su jira ranar biki ba. Tun yanzu ya dace su tambayi hukumomin ƙasashen biyu ko za a sa jirgi mai tsayawa a ƙananan tashoshi ranakun kasuwa, ko za a ware tarago don buhun gero da wake da ƙullin kayan mata, da kuma wurin loda shanu a Daura. Su kuma nemi a nuna musu, a rubuce, shekara nawa na kayan gyara ke cikin kwangilar sayen kawunan.