Daɗi, Kwaɗayi da Sauƙi: Matsayin Damuwa a Jarabar Ƙwaya

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da kuma shigo da shi. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fitar a 2019, ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 4.6 ne suka sha magunguna dangin ofiyam, kamar tiramol da kodin, ba da umurnin likita ba cikin shekara guda. A Potiskum da garuruwan da ke kewaye da ita, irin su Gadaka ta Ngamawa, Hausa ce harshen kasuwa da wa'azi, don haka da ita ake yi wa matasa gargaɗi. Wannan maƙala za ta bayyana yadda damuwa ke sauya aikin ƙwaƙwalwa, sannan ta nuna kalmomin da suka dace da bayanin.

2.0 Dofamin da Ofiyam na Jiki

A 1954 James Olds da Peter Milner na Jami'ar McGill a Kanada suka gano cewa ɓera yakan yi ta danna wata 'yar sanda muddin hakan zai tsikari wani sashe na ƙwaƙwalwarsa da lantarki. Daga baya aka fahimci cewa sinadarin dofamin ne jigon wannan hanya. A 1973 aka gano makarɓan ofiyam a ƙwaƙwalwa, wato gurabun da sinadarin ke maƙalewa. A 1975 kuma John Hughes da Hans Kosterlitz suka tabbatar a Abadin ta Sikotilan cewa jiki da kansa yana samar da sinadarai masu irin wannan aiki.

Makarɓa biyu ne suka shafi wannan nazari. Na farko, mai suna miyu, idan aka motsa shi yakan kwance takunkumin da ke kan jijiyoyin dofamin, sai sinadarin ya kwararo. A nan kodin da tiramol suke aiki bayan hanta ta sarrafa su. Na biyu, mai suna kapa, sinadarin dainofin ne ke motsa shi, kuma aikinsa kishiyar na farko ne: yana rage dofamin, ya bar mutum cikin ƙunci.

3.0 Tasirin Damuwa

Gajeriyar damuwa takan ɗaga dofamin na ɗan lokaci. Amma idan ta daɗe, kamar fargabar da ta biyo bayan harin kasuwar shanu ta Potiskum a 2012 da na makarantar sakandaren kimiyya a 2014, ko talauci da zaman kashe wando, sai dainofin ya yawaita. Daga nan abinci da hira da aiki su daina yi wa mutum armashi. Ƙwaya takan cike wannan giɓi na 'yan sa'o'i, sai dai yawan shan ta shi ma yana ƙarfafa tsarin damuwa a ƙwaƙwalwa, ta yadda da zarar ta sake shi ƙuncin zai dawo fiye da na da. Gwaje-gwaje a kan ɓeraye sun nuna cewa damuwa tana mayar da wanda ya daina neman ƙwaya ga nemanta, kuma toshe makarɓin kapa yana rage hakan.

4.0 Zaɓen Kalmomi

Kent Berridge na Jami'ar Michigan ya bambance jin daɗin abu da matsananciyar sha'awarsa, ya danganta na farko da ofiyam na jiki, na biyu da dofamin. Hausa tana da wannan bambanci tun asali. Daɗi shi ne abin da ake ji, kwaɗayi shi ne abin da ke ja, sauƙi kuwa sai wanda yake cikin wahala ke neman sa. Sabon mashayi daɗi yake bi, wanda jaraba ta kama kuwa sauƙi yake nema, ko da daɗin ya gushe.

5.0 Kammalawa

Saƙon da ya kira jaraba “neman jin daɗi” kawai ya faɗi rabin magana, kuma mashayin da ya san halin da yake ciki ba zai ga kansa a ciki ba. Ya kamata masu fassara da masu shirye-shiryen rediyo su kiyaye waɗannan kalmomi uku, domin wanda aka ɗauka mai holewa ne hukunci za a nema masa, wanda kuwa aka gane mai neman sauƙi ne, asibiti za a kai shi.