Mai Jakar Tafiya da Ɗan Gida: Wa Ya Kai Habré Kotu?

Ranar 30 ga Mayu, 2016, wata kotu ta musamman a Dakar ta yanke wa Hissène Habré, wanda ya mulki Chadi daga 1982 zuwa 1990, ɗaurin rai da rai. Jaridun Turai da Amurka sun fi rataya labarin a wuyan Reed Brody na ƙungiyar Human Rights Watch, wanda suka yi wa laƙabi da mafaraucin 'yan kama-karya. Amma da aka karanta hukuncin, waɗanda suka ɓarke da kuka da guɗa a zauren 'yan Chadi ne da suka kwana a kurkukun Habré. Shari'ar nan ta isa a auna mutum biyu da ita: mai binciken da ƙungiyar ƙasa da ƙasa ke turowa, da ɗan gida mai fafutuka a ƙasar da aka zalunce shi.

Souleymane Guengueng akanta ne a Hukumar Tafkin Chadi, wadda Najeriya da Nijar ke cikinta. A 1988 'yan sandan ciki na DDS suka kama shi, ya yi sama da shekara biyu a tsare, yana kallon abokan ɗakinsa suna mutuwa da yunwa da ciwo. Ya yi wa Allah alkawari in ya fita da rai zai nemi haƙƙinsu. Da Idriss Déby ya kori Habré, sai Guengueng ya bi waɗanda suka tsira da iyalan mamatan, ya rubuta bayanin mutum 792 tare da hotunansu. Daga nan aikin ya cije. Tsoffin jami'an DDS da dama sun samu gurbi a sabuwar gwamnati, ana gamuwa da su a kasuwa da wajen jana'iza. Dole ya ɓoye takardun a gidansa, suka yi shekaru a nan.

Iyakar ɗan gida ke nan. Ya san wanda aka ɗauke, da daren da aka ɗauke shi, da wanda ya tuƙa motar. Uwar da ba za ta buɗe wa baƙo baki ba za ta shimfiɗa masa tabarma. Sai dai ba shi da kuɗin lauya a Dakar, ba shi da wanda zai ɗaga masa waya a Brussels, kuma in ya yi magana yau, gobe a unguwar zai kwana. Lauya Jacqueline Moudeina ta ɗanɗana wannan a Yunin 2001, lokacin da aka jefa mata gurneti a wajen wata zanga-zangar mata a N'Djamena. Shi kansa Guengueng aikinsa ya salwanta, daga baya ya koma Amurka da zama.

Mai binciken waje kuwa ƙarfinsa tsari ne da dogon hannu. A ka'idar aikin, yana ganawa da shaidu ɗaya bayan ɗaya don kada bakinsu ya haɗu, ba ya biyan kowa kuɗin magana, yana sakaya suna in akwai haɗari, yana gwada abin da aka faɗa masa da takardar asibiti ko hoton tauraron ɗan adam, sannan ya aika wa hukumar da ake zargi wasiƙa ta kare kanta. Kafin rahoto ya fita sai lauyoyin ƙungiya sun tsefe shi jimla jimla. Aiki ne mai cin rai, kuma yawancinsa a gaban kwamfuta ake yinsa, ba a filin daga ba kamar yadda matasa masu sha'awarsa ke zato.

A 2001 Brody da abokin aikinsa Olivier Bercault suka samu shiga tsohon ofishin DDS. Takardu ne zube a ƙasa, ɗaki bayan ɗaki, ƙura ta lulluɓe su: jerin fursunoni, takardun shaidar mutuwa, rahotannin tuhuma, har da waɗanda aka aika wa Habré kai tsaye. Da aka tattara aka shigar da su kwamfuta, sai ga sunayen mutum 12,321 da aka ci zarafinsu, 1,208 sun mutu. Shekara goma takardun na nan a tsakiyar gari. 'Yan Chadi ne suka yi wahalar jera su, amma fasfon baƙo da sunan ƙungiyarsa sun taimaka ƙofar ta buɗu.

Da kotunan Senegal, inda Habré yake zaune, suka yi watsi da ƙarar da aka shigar a kansa a 2000, dogon hannun nan ne ya taimaka aka kai ta Beljiyam, har Kotun Duniya ta Hague ta umarci Senegal a 2012 da ta gurfanar da Habré ko ta miƙa shi. Ba na jin ƙungiyar tsoffin fursunoni ita kaɗai za ta iya wannan doguwar tafiya.

Duk da haka ni dai ma'aunina ya fi rinjaya wajen ɗan gida. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma duk abin da baƙo zai rubuta daga bakin mai ɗakin ya karɓo shi. Haɗarin ma ba ɗaya ba ne. Abin da aka fi yi wa mai binciken waje shi ne a hana shi biza ko a kore shi, kamar yadda Isra'ila ta kori Omar Shakir na Human Rights Watch a 2019. Tafintansa da direbansa da shaidunsa su ake bari a baya. Ga kuma batun ajanda: a hedikwata ake yanke wace ƙasa za a sa wa ido bana, kuma hankalin masu ba da tallafi ba ya zama wuri ɗaya. Brody ya fita daban da ya riƙe ƙara ɗaya fiye da shekara 15.

A 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da ɗaurin, ta kuma ce a biya diyyar sefa biliyan 82. Habré ya mutu a Dakar a Agustan 2021 ba a biya ba. 'Yan jaridar waje sun daɗe da naɗe kayansu a lokacin, aka bar Clément Abaifouta, wanda aka tilasta wa binne gawarwakin 'yan uwansa fursunoni, yana jagorantar dattawa da zawarawa suna zaman dirshan a titunan N'Djamena suna tambayar kuɗinsu.